Ruwa ko Fetur? Sharhi Kan Kula da Alƙalami Mai Shan Tawada

Alƙalami mai shan tawada, wanda biro ya kora daga aljihun ɗalibai da teburin akawu shekaru da dama da suka wuce, ya sake samun masoya. Wasu sun tsince shi a akwatin mahaifi, wasu an ba su kyauta ranar kammala karatu ko ƙarin girma, wasu kuma sha'awar kyakkyawan rubutu ce ta kai su ga sayensa. Sai dai da yawansu ba sa cika wata guda da shi kafin ƙorafi ya fara: ya daina rubutu, yana tsallake harafi, ya ɓata gaban riga. Daga nan sai ra'ayi ya rabu. Wani ya ce jabu aka sayar masa. Wani ya rantse ruwa ba ya taɓa irin wannan alƙalami, don tsatsa zai yi. Wani kuwa ya tsoma shi cikin fetur, yana ganin abin da ya wanke hannun makanike ai ba zai gaza wanke tawada ba. Dukkansu sun kauce hanya, kuma dalilin kaucewar ɗaya ne: ba su san yadda abin yake aiki a ciki ba.

Sassansa da yadda za mu kira su

Baki shi ne ƙarfen da ke taɓa takarda. Yana da tsaga a tsakiya wadda ta raba shi haƙora biyu, kuma a ƙarshen haƙoran akwai ɗan dunƙulen ƙarfe mai tauri da ke hana shi saurin cinyewa. A ƙarƙashin baki akwai wani baƙin abu mai tsage-tsage, na roba ko na ebonait, wato roba mai tauri da aka gasa da farar wuta. Wannan za mu kira shi magudana, don ta cikinsa tawada ke bi. Baki da magudana suna zaune ne cikin mariƙi, inda yatsu ke kamawa. Sauran kuwa gangar jiki ce da murfi.

Ma'ajiyar tawada iri-iri ce. Akwai katirij, ɗan kwanson roba da ke zuwa cike da tawada, a soka shi, in ya ƙare a yar. Akwai kanbata, ƙaramin famfo mai shiga gurbin katirij, wanda ake murɗawa ya zuƙo tawada daga kwalba. Akwai kuma mai fistin, wanda gangar jikinsa ita ce tankin, irin wanda kamfanin Pelikan na Jamus ya fitar a 1929. Tsofaffin alƙaluma da yawa jakar roba ce a cikinsu, a matse ta, a sake ta, ta sha tawada. A kula, ba kowane katirij ke shiga kowane alƙalami ba: Lamy da Parker da Pilot da Sailor da Platinum kowanne yana da nasa ƙirar, kuma tura wanda ba nasa ba da ƙarfi kan fasa bakin mariƙi ta ciki.

Yadda tawada ke sauka

Duk wanda ya san fitilar ƙwai ya san yadda lagwani ke jan kananzir zuwa sama ba tare da famfo ba. Haka siraran kafofin magudana da tsagar baki ke jan tawada zuwa takarda. Amma jan tawada rabin aikin ne. Duk ɗigon da ya fita daga tanki dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba haka ba rubutu ya tsaya. In kuma iskar ta yi yawa, tawada ta kwararo gaba ɗaya. Daidaita wannan musaya shi ne abin da ya daɗe yana gagarar maƙera.

Burin dai tsoho ne. Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa halifa Mu'izzu na daular Faɗimiyya, a ƙarni na 10, ya nemi a ƙera masa alƙalami mai ɗauke da tawadarsa, wanda ba zai ɓata hannu ko tufafi ba. A 1827 wani ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi rajistar irin nasa a Faris. Amma sunan da aka fi dangantawa da magudana mai aiki shi ne Lewis Waterman na New York, wanda a 1884 ya yi rajistar magudana mai siraran tsagogi da ke barin tawada ta sauka, iska ta hau, a lokaci guda. Kusan duk alƙalamin da ake yi yau a kan wannan dabara yake tafiya.

Abin lura a nan shi ne waɗannan kafofi sun kai siririn gashi. Tawadar kuwa ruwa ce da rini. In ruwan ya bushe, rinin ya daskare a kafar, hanya ta toshe. Mafi yawan alƙaluman da ake cewa sun mutu ba abin da ya same su illa wannan. Kuma tunda ruwa ne ya narkar da rinin tun farko, ruwa ne zai sake narkar da shi. Biro, wanda László Bíró ya yi rajistarsa a 1938, kamfanin Bic kuma ya cika duniya da shi tun daga 1950, tawadarsa mai kauri ce mai maiƙo, shi ya sa ba ya bushewa da wuri, shi ya sa kuma sai an danna shi. Wanda ya saba da biro yakan zo wa wannan alƙalami da halaye biyu da ba ya jurewa: barinsa a buɗe, da danna shi.

Ba kowace tawada ba ce abincinsa

Nan ne ɓarna mafi muni ke faruwa. Tawadar allo da aka sani a tsangayu, ta gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, tawada ce mai kyau ga alƙalamin gamba da ake tsomawa, domin ƙaron ne ke manne baƙin a jikin allo. To, wannan ƙaron da garin gawayin su ne za su cushe magudana kamar an zuba siminti. Haka tawadar masu zane da ake kira tawadar Indiya, wadda galibi akwai shalak a cikinta, wani ƙaro mai tauri da ruwa ba ya narkarwa in ya bushe. Tawadar hatimi da ta firinta su ma ba a yi su don wannan aiki ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ba a rubuta a kwalba cewa ta wannan nau'in alƙalami ce ba, kada ta shiga cikinsa.

Cikin waɗanda aka yi dominsa ma akwai hawa-hawa. Masu sauƙin hali su ne na rini zalla, irin su Quink ta Parker, wadda ta fito tun 1931, da Pelikan 4001, da shuɗiyar Waterman. Suna wankuwa nan da nan, illarsu kawai ruwa na wanke su daga takarda ma. Sai masu ƙwayoyin launi da aka niƙa luƙui, irin su Carbon Black ta Platinum da Kiwa-guro ta Sailor. Waɗannan ba sa gogewa in sun bushe a takarda, don haka sun dace da sa hannu da takardun ajiya, amma in suka bushe a magudana an shiga uku. Sai tawadar ƙarfe, wadda ake haɗa gishirin ƙarfe da sinadarin ɗaci na itatuwa, ta fito shuɗi-shuɗi, ta yi baƙi bayan ta sha iska. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin malamai sun daɗe suna haɗa bagaruwa da ƙarfe su yi tawadar rubutun takarda. A Ingila ma an daɗe ana cike rajistar haihuwa da ta mutuwa da irinta, saboda daɗewarta. Ta zamani, kamar Salix ta Rohrer & Klingner, an sassauta tsaminta ƙwarai, amma duk da haka ba a so ta yi watanni kwance cikin alƙalami. Na ƙarshe su ne masu ƙyalƙyali, waɗanda aka zuba musu ƙurar sheƙi. Suna da kyau a ido, sai dai ƙurar takan kwanta a magudana, kuma siririn baki ba ya iya fitar da ita.

Haɗa tawada biyu cikin alƙalami caca ce. Wata mai tsami ce, wata kishiyar haka, in suka haɗu sukan kama jikinsu su yi guda-guda. Mai son gwaji ya haɗa su a ƙaramar kwalba daban, ya bar su kwana biyu ya gani. Kwalbar da ta fara wari, ko aka ga wani abu mai yauƙi na yawo a cikinta, fumfuna ce ta kama ta: a zubar, a wanke duk alƙalamin da ya sha daga cikinta.

Wanki

Ruwan sanyi, ko mai ɗan ɗumi da bai wuce ɗumin jiki ba, shi ne kusan duk abin da ake bukata. Ruwan zafi na iya lanƙwasa magudana ko ya sassauta abin da aka manne. Ga mai katirij ko kanbata, a kwance gangar jiki, a cire ma'ajiyar, a riƙe mariƙi a zuba masa ruwa ta baya har ya riƙa fitowa ta baki. Da farko ruwan zai fito baƙi ƙirin, sannan ya koma shuɗi, sannan garai-garai. Nan ne mutane ke ruɗuwa su tsaya. A naɗe bakin da tsumma mai laushi ko takardar goge hannu, a tsayar da shi baki ƙasa cikin kofi. Bayan 'yan mintuna sai a ga launi ya zagaye takardar, alamar akwai sauran rini a lungunan magudana. A maimaita har takardar ta fito fes, sannan a bar shi ya kwana yana tsanewa. Wanda ya cika shi da tawada yana jiƙe zai ga rubutun shafin farko ya yi fari-fari. Ba lalacewa ba ce, ruwa ne ya surka tawadar.

Mai fistin kuwa a tsoma bakinsa cikin kofin ruwa, a zuƙa, a fitar, a yi ta yi har ruwan ya washe. Aiki ne mai cin rai amma ba shi da wata gajeriyar hanya. In alƙalami ya daɗe a bushe, a jiƙa mariƙin kaɗai cikin ruwa ya kwana, a canza ruwan da safe. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke cikin kofi guda yana taimakawa, musamman ga sabon alƙalami, wanda sau da yawa yake zuwa da ragowar maiƙon masana'anta da ke sa shi tsallake. Sai dai a ɗauraye sosai, don ragowar sabulu na sa tawada gudu fiye da kima.

Batun ruwa: na famfo ya wadatar a yawancin wurare. Inda ruwan burtsatse ke barin farin dabbare a jikin buta, gara a yi ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa, wanda aka turara aka tace. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan batir da kantunan magani, amma a tabbatar tataccen ruwa aka bayar, ba ruwan batir mai asid ba.

Kayan aiki: na dole da na marmari

In za a sayi abu ɗaya tak, a sayi robar nan mai kamar ƙwai da ake zuƙe wa jarirai majina ko wanke kunne da ita. A cika ta da ruwa, a soka bakinta a bayan mariƙi, a matsa: abin da kanbata zai yi a murɗi talatin, ita ta gama shi a matsa biyu. Na biyu shi ne sirinji mai dakusasshiyar allura, don wanke cikin kanbata da sake cika katirij da ya ƙare, wanda ke rage kashe kuɗi ba kaɗan ba. Na uku giris ɗin silikon zalla, ɗan mitsitsi a bakin tsinke, ga fistin da ya fara tauri. Basilin ba ya maye gurbinsa, domin daga man fetur aka samo shi, kuma yana cin roba.

Daga nan sai na marmari. Akwai gilashin ƙara girma mai ninki 10, wanda ke nuna ko haƙori ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, abin da ya fi yawan jawo kartar takarda. Akwai siririn fallen tagulla da ake zurawa a tsagar baki a fitar da zaren takarda da ya maƙale; reza ba ta wannan aiki, buɗa tsagar take yi ta bar tabo. Akwai ruwan wanki na kanti, wanda yawancinsa amoniya ce da aka surka da ruwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Yana cire rini mai taurin kai, amma ba ya shiri da alminiyam, kuma haɗa shi da bilic na fitar da iska mai guba. Akwai kuma injin wanki mai girgiza ruwa da sauti, irin na masu gyaran agogo da zinariya. Yana aiki, amma yakan ɓamɓare ruwan gwal da ya fara sakin jiki, kuma mai alƙalami ɗaya ko biyu ba shi da bukatarsa.

Fetur, kananzir, sifirit da ruwan goge jan farce kuwa, waɗannan ba kayan wanki ba ne. Sifirit na sa wasu robobi dushewa ko tsattsagewa, ruwan goge farce kuma narkar da su yake yi ɗungurungum. Bilic na cin bakin ƙarfe.

Inda masana suka saɓa

Sau nawa za a wanke? Wasu sun ce duk wata guda ko biyu, ko da ba a canza tawada ba. Wasu sun ce alƙalamin da ake rubutu da shi kullum, da tawada ɗaya mai sauƙin hali, wanke kansa yake yi, domin sabuwar tawada na narkar da tsohuwa. Sukan nuna alƙaluman da suka shekara ba su ga ruwa ba kuma lafiya lau. Kowanne yana da gaskiya a muhallinsa. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne wanki in za a canza launi, wanki kafin a ajiye shi na tsawon lokaci, da yawaita wanki ga mai amfani da tawadar ƙwayoyi, ta ƙarfe ko ta ƙyalƙyali.

Saɓani na biyu ya fi zafi: a riƙa zare baki da magudana ana wanke su ɗaya-ɗaya, ko a bar su? Masu zarewa na cewa ta haka ne kawai ake tabbatar da tsafta. Masu gyara da yawa kuwa na kokawa cewa abin da ake kawo musu ba datti ba ne, gyaran gangar Auzinawa ne: magudana ta karye, mariƙi ya tsage, baki ya koma a karkace. A nan hujjar masu gyara ta fi ƙarfi. Galibin waɗannan sassa matsi ne kawai ke riƙe da su, kuma kowace zarewa tana rage wannan matsin. Ɗan tabon launi a lungun magudana bai taɓa hana alƙalami rubutu ba.

Akwai kuma maganar da ta yaɗu cewa ba a ba da aronsa, wai bakin yana sabawa da hannun mai shi. Dunƙulen da ke ƙarshen baki yana da taurin da sai an shekara da shekaru ana rubutu kafin ya ɗauki wata siffa, don haka sa hannu ɗaya ba zai canza shi ba. Haɗarin gaske shi ne mai aron ya danna shi kamar biro ya buɗa haƙoran, ko ya fizgi murfin da murɗe shi ake yi. Batun gwal da ƙarfe ma haka: bakin da aka rubuta wa 585 ko 14K yana nufin kashi 58.5 cikin 100 gwal ne, 750 ko 18K kuma kashi 75. Gwal ya fi jure tawada mai tsami, yakan kuma ɗan fi laushi, amma abin da ke taɓa takarda dunƙulen nan ne, ba gwal ɗin ba. Lamy Safari mai bakin ƙarfe, wanda aka yi don 'yan makaranta a 1980, yana iya fin mai tsada santsi in an daidaita shi da kyau.

Zafi, hunturu da tafiya

Akasarin shawarwarin da ake karantawa daga ƙasashe masu sanyi suka fito, don haka mazaunin Kano ko Sakkwato ko Damagaram sai ya yi musu gyara. A hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, baki kan bushe cikin ɗan lokaci in an bar shi a buɗe, tawadar cikin tanki kuma ta yi kauri da wuri. A rufe murfi da zarar an tsaya tunani. Ingancin murfi ma ya bambanta. Platinum ya sa wa wasu alƙalumansa murfi na ciki mai sifirin don maganin wannan matsala, yayin da wasu masu araha ke bushewa cikin kwana uku. In baki ya bushe, a tsoma tsininsa cikin ruwa sau ɗaya, yawanci ya isa. Yarfa shi kamar ma'aunin zafi ba ya haifar da komai sai tawada a murfi.

A bazara kuwa, in zafi ya haura digiri 40, iskar da ke cikin tankin da ya yi rabi takan kumbura ta turo tawada waje. Shi ya sa alƙalamin da aka bari a gaban mota yake amai. Haka abin yake a jirgin sama, inda matsin iska ke raguwa: a tafi da shi cike taf ko babu komai, baki sama. A aljihu ma baki sama, a kan tebur kuma a kwance.

Takarda na da nata laifin da ake ɗora wa alƙalami. Takardar littafin rubutu mai araha tana shan tawada, harafi ya yi gashi-gashi, ya ɓullo ta baya. Siririn baki da tawada marar gudu sosai, kamar Pelikan 4001, suna rage wannan. A tuna kuma bakin Japan ya fi na Turai siranta ko da harafin girman da aka rubuta a jikinsu ɗaya ne, abin da zai amfani mai rubutun ajami ko ƙananan haruffa.

Alƙalamin gado

Tsohon alƙalami na da hukunci daban. Jakar robar da ke cikin waɗanda aka yi kafin zamanin katirij takan bushe ta yi ƙamas, kuma jan ɗan madannin gefe mai matse jakar da ƙarfi a kan busasshiyar jaka na karya ƙarfen ciki. In ya ƙi motsi, a ƙyale shi sai an sami mai canza jakar. Gangar jikin ebonait ba a jiƙa ta, ba a barin ta a rana, don baƙinta kan koma ruwan ƙasa kuma ba ya dawowa da sauƙi. Ta seluloid, wato tsohuwar roba mai kamar dutsen ado, ba ta son zafi ko kusantar wuta. Parker 51 ne ya fita daban: samfurin da aka fara a 1948 yana da jaka ta wata roba mai jure shekaru, har da yawansu ke tashi aiki bayan wankin ruwa kawai. Bakinsa a ɓoye yake cikin kube, tare da ma'adanar tawada mai lunguna da yawa, don haka wankinsa na ɗaukar kwanaki: a matsa, a jiƙa gaban, a bari ya kwana, a sake. Hero 616 na Shanghai, wanda aka kwaikwaya daga gare shi, shi ma haka ake bi da shi.